Mu da Nijar, Wa Ya Fi Wani? Ma'aunin Arzikin Ƙasa da Ma'aunin Rayuwar Jama'a

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman firamare na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wanda aka yi a Ba'awa



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wata gardama da ta daɗe tana zagaya majalisunmu da ofisoshin malamai da wayoyinmu: tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, wace ce ta fi ci gaba, kuma a wacce talaka ya fi samun sauƙi? Tun daga shekarar 2023 gardamar ta yi zafi. Wasu na cewa Nijar ta tsere mana, tunda kuɗinta ya fi namu daraja. Wasu na cewa ko kusa, ƙasar da muke ba wa wutar lantarki ba za ta haɗa kafaɗa da mu ba. Mu malamai ne, aikinmu ne mu tambayi mai magana da wane mudu ya yi awo. Don haka za mu ɗauki ma'aunai huɗu, mu ɗora ƙasashen biyu a kan kowanne, sannan mu duba abin da sakamakon ke nufi ga albashinmu da azuzuwanmu.

Ma'auni na farko shi ne girman tattalin arziki, wato ƙimar duk abin da ƙasa ta noma, ta ƙera, ta haƙo, ta yi hidimarsa a cikin shekara guda. A nan babu gardama. Na Najeriya ya haura dala biliyan 200, na Nijar kuwa yana wajen dala biliyan 20. Mun ninka su fiye da sau goma. Amma mu tuna mutanenmu sun haura miliyan 220, nasu kuwa wajen miliyan 27 ne. Gidan da ke da mutum tamanin dole tukunyarsa ta fi ta gidan mutum goma girma, kuma girman tukunya bai gaya mana ko yaran gidan sun ƙoshi ba.

Wannan ma'auni yana da wata ɗabi'a da ya kamata mu sani. A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta yadda take lissafi, ta shigar da harkokin da a da ba a ƙirga su sosai, kamar sadarwar wayar salula da fina-finai. Dare ɗaya lissafin ya tashi zuwa wajen dala biliyan 510, aka shelanta cewa mun zarce Afirka ta Kudu, mun zama na ɗaya a nahiyar. Lissafin gaskiya ne. Sai dai washegarin ranar babu malamin da ya ga ƙarin ko kwabo a albashinsa, babu ajin da aka ƙara wa benci. Dukiyar tana nan tun da, rubuta ta ne kawai aka gyara.

Masu cewa Nijar ta tsere mana sukan kawo hujja da saurin haɓaka. A 2024 tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da fiye da kashi 8 cikin 100, namu kuwa da kashi 3 da 'yan kai. Dalilin nasu sananne ne. Tun 2011 suke haƙo mai a Agadem suna tacewa a matatar da ke kusa da Damagaram, mai ɗaukar ganga 20,000 a rana. Sannan kamfanin ƙasar Sin ya shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, aka yi lodin jirgi na farko a watan Mayu na 2024. Ƙaramin tattalin arziki idan ya sami irin wannan sabuwar kafa dole ya yi tsalle. Mu yi lissafin aji shida: kashi 8 na biliyan 20 bai kai biliyan 2 ba, kashi 3 na biliyan 200 kuwa biliyan 6 ne. Yaro ɗan shekara biyar ya fi saurayi saurin ƙara tsawo, amma saurayin ya fi shi tsawo. Kuma mu da muka san mai tun da aka gano shi a Oloibiri a 1956, mun fi kowa sanin cewa rijiyar mai tana cika baitulmali ba tare da ta ɗauki mutane da yawa aiki ba.

Ma'auni na biyu shi ne a raba dukiyar da yawan jama'a, a ga kason kowane mutum. A 2014 kason ɗan Najeriya ya kai wajen dala 3,000. Zuwa 2024 ya sauko, bai wuce dala 1,000 da 'yan kai ba. Na ɗan Nijar bai kai dala 800 ba. Har yanzu muna gaba, amma ratar ta tsuke ƙwarai, kuma yawancin tsukewar daga saukowarmu ta zo. Wannan shi ne abin da mutanenmu ke ji a jikinsu idan suna cewa Nijar ta kamo mu.

Shi ma wannan ma'auni yana da makanta. A ce mutum goma suna zaune a majalisa, tara daga cikinsu kowa na samun naira 10,000 a wata, na goman yana samun 910,000. Jimilla miliyan ɗaya, kason kowa 100,000. A takarda duk masu hali ne, alhali tara ba za su iya sayen buhun masara ba. Haka lissafin ƙasa yake. Idan aka haɗa Legas da Fatakwal da Abuja da ƙauyukan bayan dajin Falgore aka raba daidai, lambar da za ta fito ba ta kowa ba ce. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da binciken talauci wanda ya duba abinci da lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli. Ta sami mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, a cikin talauci. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Jihar Sakkwato kashi 91 ne, a Jihar Ondo kashi 27. Jiharmu ta Kano ita kaɗai tana da fiye da miliyan 10. Ma'anar wannan ita ce, rayuwar manomi a Doguwa ta fi kama da ta manomin Maraɗi fiye da yadda ta yi kama da ta ma'aikacin banki a Legas, duk da cewa shi da ma'aikacin bankin ne ke riƙe da katin ɗan ƙasa iri ɗaya.

Ma'auni na uku shi ne wanda ya fi tsone mana ido, wato darajar kuɗi. Iyayenmu da ke zaune a nan sun ga zamanin da naira ta fi dala, wajen 1980. A 2015 jaka guda ta sefa ba ta kai naira 400 ba a farashin hukuma. Bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. A 2024 jakar sefa ta kai wajen naira 2,500. Ga abin da ya biyo baya: mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne tun farkon 2024. A wancan canjin ya haura naira 100,000, ya ɗara naira 70,000 da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a watan Yuli na 2024, ya kuma ɗara 71,000 na Jihar Kano. Duk wanda ya ji wannan lissafi ransa zai sosu, kuma yana da hujja.

To amma me ya riƙe sefa? An ɗaure ta ne da kuɗin Yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 ga Yuro ɗaya, kuma babban banki ɗaya ne ke buga ta ga ƙasashe takwas na Yammacin Afirka. Gwamnatin Yamai ba ta da ikon buga kuɗi yadda ta so. Wannan ɗauri ne ya sa farashin kaya a can ba ya gudu irin namu, inda hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ta abinci kuma ta taɓa kashi 40 a tsakiyar shekarar. Ƙarfin sefa ke nan ba daga gonakin Nijar ko masana'antunta kaɗai ya fito ba, kuma 'yan Nijar da yawa suna kallon wannan ɗauri a matsayin ragowar mulkin Faransa. Su ma sun ɗanɗana irin tamu: a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a rana ɗaya. Sannan albashin hukuma mutane ƙalilan ne ke karɓarsa a can, mafi yawa manoma ne da makiyaya waɗanda rayuwarsu ke rataye da damina ɗaya. Duk da haka akwai darasi a nan da ba za mu kauce masa ba. Ma'aikacin da kuɗinsa ke riƙe darajarsa yana iya yin tsari, ya yi adashi, ya san abin da zai saya da shi bayan wata goma. Mu kuwa adashin da muka fara da niyyar sayen kwanon rufi ashirin, ranar ɗauka sai ya sayi goma sha biyu.

Ma'auni na huɗu shi ne rayuwa kanta. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitar da ma'aunin ci gaban ɗan'adam, wanda masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, ya jagoranci tsarawa. Ya haɗa abu uku: tsawon rai, da ilimi, da abin shiga. A wannan jeri Nijar ta sha zama ta ƙarshe a duniya, kuma Najeriya tana gabanta. A karatu da rubutu muna gaba nesa: wajen kashi 60 na manyanmu sun iya, nasu ba su kai kashi 40 ba. A wutar lantarki wajen mutum shida cikin goma a Najeriya suna da layi, a Nijar wajen biyu cikin goma, ko da yake mun san bambancin samun layi da samun wuta.

Amma ga inda ya kamata mu sunkuyar da kai. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, jaririn da aka haifa a Nijar ana sa ran zai kai shekara 61, wanda aka haifa a Najeriya kuwa wajen 54. A Najeriya kusan mace 1,000 ke rasuwa wajen haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, a Nijar adadin bai kai rabin haka ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa ta wannan hanya a duk duniya 'yan ƙasarmu ne. A mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, mu da su duk muna sahun da ya fi muni, fiye da yaro 100 cikin 1,000. Sai dai su daga nesa suka taho: a 1990 adadinsu ya haura 300. A 2006, zamanin Shugaba Mamadou Tandja, suka mai da maganin yara ƙanana kyauta, suka baza ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, suka raba gidajen sauro. Ƙasar da ba ta kai mu kuɗi ba ta zaɓi abu ɗaya ta tsaya a kansa, kuma ta ga amfaninsa. Haka manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980: suka daina sare tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suka riƙa renonsu, har miliyoyin kadada suka farfaɗo. Mu da muke ganin yadda gawayi ke cinye gefen Falgore muna da abin koyo a nan.

Ma'aunai huɗu ke nan, kuma kowanne amsarsa daban. Mun fi su girma, sun fi mu saurin haɓaka a 2024. Kasonmu ya ɗara nasu, kuɗinsu ya fi namu tsayuwa. Mun fi su karatu, sun fi mu tsawon rai. Wanda ya ɗauki ma'auni ɗaya ya yi shela da shi, ko dai bai san sauran ba, ko kuma yana da abin da yake son sayar mana.

Akwai kuma abin da gardamar ke mantawa da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 na abin da take amfani da shi. Yamai ta shiga duhu, magani ya yi tsada a can. Amma kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari su ma suka mutu, fataken Dawanau suka rasa masu saye, dabbobi da wake da albasar Galmi suka yi wuyar shigowa. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris. Da muka cire tallafin mai, man da ake tsallakawa da shi ya ragu, kuma wannan na cikin abin da ya jawo musu dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, kuma ta ratsa ta tsakiyar dangi ɗaya. A Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, idan ya kammala, masararmu ta Doguwa da shinkafarmu ta Tudun Wada suna cikin abin da zai ɗauka.

Tarihi ma ya gargaɗe mu game da alfahari a kan maƙwabci, kuma gargaɗin ya shafi sana'armu kai tsaye. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙi, 'yan Najeriya da yawa, har da Hausawan zango, suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Shekaru kaɗan bayan haka kuɗin mai ya zo mana, aka yi Udoji, aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, tattalin arzikin Gana kuma ya durƙushe. Malaman Gana suka cika makarantunmu, wasunmu a hannunsu yayyenmu suka koyi Turanci da lissafi. A Janairun 1983 farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kori baƙi, wajen mutum miliyan ɗaya 'yan Gana suka koma gida. Yau kason ɗan Gana ya fi na ɗan Najeriya. A cikin rayuwar mutum ɗaya rawanin ya sauya kai har sau biyu. Abin lura a gare mu shi ne, alamar farko ta durƙushewar Gana ita ce ficewar malamanta. Idan muka ga abokan aikinmu suna ajiye alli suna komawa acaba ko sayar da katin waya, mu san wace alama muke gani.

Me ya rage gare mu a matsayin ƙungiya? Muna da shawarwari huɗu.

Na farko, mu riƙa auna albashinmu da mudu. Muna ba da shawara kowane reshe ya buɗe littafi, a riƙa rubuta farashin mudun masara da na shinkafa da na wake, da kwalbar mai, da kuɗin mota daga Kwanar Dangora zuwa Kano, da maganin zazzaɓin yaro, sau ɗaya a wata. Idan shekara ta zagayo, wakilanmu za su zauna da hukuma da hujja a hannu: albashin mataki kaza yana sayen mudu kaza bara, bana yana sayen kaza. Littafin zai kuma nuna mana ɗaya fuskar, domin yawancinmu manoma ne. Da farashin hatsi ya sauko a 2025 alhali taki bai sauko ba, malamin da ya ji sauƙi a kasuwa shi ne ya yi asara a gona.

Na biyu, mu bi sawun kasafi. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, ta kuma ware wa ilimi wajen kashi 30 na kasafinta. Wannan abin yabo ne, mun yaba. Amma kasafi ma lamba ce a takarda kamar ma'aunin da muka fara da shi. Mu ne a cikin aji, mu ne za mu iya ƙirga rufin da aka gyara, da bencin da ya iso, da yawan yaran da malami ɗaya ke tsaye a gabansu. Dam ɗin Tiga da ke nan Bebeji, wanda aka gina zamanin Audu Bako, ya nuna mana yadda kuɗin gwamnati ke zama arziki idan an zuba shi inda ya dace: shekara hamsin ke nan ana noman rani da ruwansa a Kadawa da Kura.

Na uku, mu sa ido a kan hanyar da albashinmu ke bi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Dattawanmu suna tuna abin da ya faru bayan 1991, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa biyan malamai ga ƙananan hukumomi, aka yi watanni ba albashi a wurare da yawa. Takwarorinmu na Nijar, waɗanda akasarinsu 'yan kwantiragi ne, sun sha yajin aiki a kan jinkirin ɗan abin da ake ba su. Duk tsarin da za a zo da shi, a cire albashin malamin firamare tun daga tushe kafin a raba saura.

Na huɗu yana cikin ajinmu. Mu koya wa yara su tambayi kowace lamba: kashi nawa na mene ne, an raba da mutum nawa, wa ya ƙirga, yaushe? Yaron da ya iya wannan ba za a ruɗe shi da ɗan gajeren bidiyo a waya ba, ko mai zuga Najeriya ne ko mai zuga Nijar. Mu kuma hana su raina 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, masu ga-ruwa da masu shayi da masu gadi da ke zaune a cikinmu. Laifi tudu ne, kuma ƙasar da ke da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa firamare ba ta da bakin yi wa kowa dariya.

Idan ana son gasa tsakaninmu da Nijar, ga fagen da ya cancanta: wa zai riga wani kai kowace yarinya aji shida tana karatu da rubutu, wa zai riga wani sa mace ta haihu ta tashi lafiya, wa zai riga wani biyan malami abin da zai riƙe shi a aji har ya yi ritaya. Wanda ya ci wannan gasa, maƙwabcinsa ma ya ci riba.

 Allah ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.